Baron da Ya Tafi a Miƙe

Da hantsi, lokacin da Baba Sawu ya iso harabar ƙungiya, ya tarar mutane sun riga sun tattake masa komai.

Abin da ya fara ɓata masa rai ke nan, tun kafin a gaya masa abin da aka sace. An yi kwana biyu ana ruwa, sai gab da asuba ya ɗauke, ƙasa ta yi laushin da ko kaza ta wuce sai an san inda ta nufa. Ga shi mutum sun fi arba'in a ƙofar sito suna kai da kawo a kanta, kowa na nuni da yatsa, kowa na rantsuwa shi ya fara gani.

"Ku matsa! Ku ba shi hanya, ga Baba Sawu!" in ji Shugaba, yana ture mutane da gwiwar hannu. Mai kantin magani ne, mutum mai saurin tashin hankali, yau ko maɓallan rigarsa bai daidaita ba. "Baba, an gama da mu! Injin jan ruwa! Sabon nan da ko wata uku bai yi ba! Gida goma sha ɗaya na jiran sa yau, ga hadari can yana sake haɗowa!"

Baba Sawu bai ce uffan ba. Shekara talatin ya yi yana aikin gandun daji, yana bin sawun masu saran itace da na dabbobin da suka ɓace, kuma can ya koyi cewa mai yawan magana ba ya ganin ƙasa. Da ya ajiye aiki ya shiga ƙungiyar, aka bar masa neman yaran da suka ɓata a kasuwa da tsofaffin da suka fita suka manta hanyar gida. Ɓarawo kuwa rabonsa da bin sa an jima, har ya ji wani abu yana motsa masa a ƙirji kamar da can.

Ƙungiyar tana da dogon suna a rubuce a allon ƙofa, amma ba mai kiran ta da shi. 'Yan Baro ake ce musu. Shekara talatin da biyu da suka wuce ruwa ya ci unguwar gangare, maƙwabta bakwai suka haɗu da baro ɗaya tak, suka bi gida gida suna kwashe taɓo. Daga nan ba su sake watsewa ba. Su ne yashe magudanai, su ne kai marasa lafiya asibiti, su ne ba da aron keken guragu da sandunan dogarawa, su ne gyaran rufin tsohuwar da ba ta da kowa. Yanzu sun haura mutum tamanin, da motar ɗaukar marasa lafiya tasu ta kansu. Tsohon baron kuwa yana nan a sito, ba wanda ya isa ya ce a jefar.

A kan benci kusa da ƙofa Dogo na zaune, mai riƙon sito, kansa a ƙasa. An karɓe makullin daga wuyansa, yana hannun Shugaba.

"Ba a fasa kwaɗo ba," in ji Tela, da muryarsa mai cika unguwa. Yana cikin bakwai ɗin farko, kuma ba ya bari a manta. "Buɗewa aka yi, aka rufe. Makulli kuwa ɗaya ne. To wane sawu za a bi? Ga sawun nan zaune a benci! Tun farko na ce wanda ya taɓa zaman gidan yari ba a ba shi sito, aka ce na cika tsanani. A kai shi wurin 'yan sanda yanzu, can za su tuna masa inda ya ajiye!"

"Ba inda za a kai shi."

Inna Nas ce. Gajeriyar tsohuwa mai faɗin kafaɗa, shekara talatin da biyar ta yi a ɗakin haihuwa, rabin masu hayaniyar nan a hannunta suka fara kuka. Ita ma tana cikin bakwai ɗin, kuma ita ta tsaya wa Dogo shekara biyu da suka wuce har aka ba shi makullin.

"To, Yaya, mu zauna mu rungume hannu ke nan?" in ji Tela.

"A ba Baba Sawu lokaci ya duba. Zuwa la'asar."

Aka yi ca, wasu na cewa azahar, wasu na cewa yanzu. Shugaba ya ɗaga hannu. "La'asar. In ba a ga inji ba, ni da kaina zan raka Dogo ofis. Ba yadda zan yi."

*

Baba Sawu ya sa aka fitar da kowa, ya shiga siton shi kaɗai.

Komai a jere, yadda Dogo ke ajiyewa. Kekunan guragu huɗu, shebur shebur a rataye, buhunan yashi a kusurwa. Inda injin ke zama sai tabon mai a siminti. Babu tiyon, babu galan ɗin fetur. Ya shafa rigunan ruwan da ke jikin ƙusa, ɗaya tana da danshi. Ya ɗaga takalman roba, ƙafa biyu an wanke su, ruwa na ɗiga. Duk takalman ƙungiyar girmansu ɗaya, manya, don kowa ya iya zura ƙafa. Sawunsu ba zai nuna mutum ba.

Sai ya tsuguna gaban tsohon baron. An wanke tayar tas, amma a ƙarƙashin bakin kwanon akwai laka ɗanya. Ya murza ta a yatsa, ya yi murmushi. Wanda ya ɗauki injin ba a ka ya ɗauka ba. A baro ya kai shi, sannan ya dawo da baron, ya wanke, ya ajiye a mazauninsa.

"Ɓarawo mai ladabi," ya faɗa a ransa.

Ya zagaya ta bayan sito, inda taron bai kai ba. Nan zuciyarsa ta buga. Layi biyu ne a kan laka, daga kusurwar sito zuwa ƙofar baya. Ɗaya ya nutse sosai, na tafiya da kaya. Ɗaya sama sama, na dawowa. Dukansu a miƙe kamar an ja igiya. Ya bi su har bakin kwalta, nan suka ɓace. Ya dawo ya jawo tsohon kwanon rufi ya kifa a kansu, kada wani ya taka.

Ya zauna kusa da Dogo a benci. Sun daɗe ba wanda ya yi magana, sai Dogo ya gaji.

"Baba, makullin a wuyana ya kwana. Wallahi ko wanka ba na cire shi."

"Na ji."

"In aka kai ni can ba wanda zai tambaye ni komai. Tsohuwar takardata za su ɗauko, ita za ta yi magana." Ya haɗiye yawu. "Makon jiya aka ce 'yata ta rubuta aikin babanta a makaranta. Ta rubuta wai babanta ne mai riƙon kayan 'Yan Baro duka. Har da layi ta ja a ƙasan duka ɗin."

Baba Sawu ya dafa gwiwarsa sau ɗaya, ya tashi.

*

Tsallaken kwalta akwai gidan burodi, kuma Mai Burodi ba ta taɓa barin gari ya waye mata a gado ba. Baba Sawu ya nufi can, mutum kamar ashirin suka biyo shi a baya, wai su ma bincike suke yi.

"Na gani mana!" in ji ta, tana kaɗe gari daga hannu. "Ruwa na ɗaukewa, gari ya fara haske. Mutum cikin rigar ruwanku, ya rufe kai ruf, yana tura baro. Na ce sannu da aiki, ko waiwaye. Ban kawo komai ba, ku ai ba ku da lokaci, ranar nan ma da sassafe kuka zo kuka tone min ƙofar shago."

"Dogo ne ko gajere?"

"Baba, ina da faranti goma sha biyu a wuta, zan tsaya awon mutane? Rigar dai har ƙasa."

"Ina ya nufa?"

"Gangare. Wajen masu walda."

"Wajen Mai Gwangwan ke nan!" wani ya yi ihu daga baya. Kafin Baba Sawu ya ce wani abu taro ya zuba a guje, har da Shugaba yana riƙe da hularsa.

A filin Mai Gwangwan, cikin tarin tsofaffin ƙarafa, wani ya yaye tamfol, sai ga inji. Ihu ya tashi, aka cakumi mutumin ta wuyan riga.

"Ku sake ni! Shugaba, dubi injin nan da kyau. Ba kai ka kawo min shi bara ba, ka ce ya mutu, in rabu da ku da shi?"

Shugaba ya sunkuya, ya leƙa. Tsatsa ta cinye shi, har gizo ya yi saƙa a bakin bututun. Ya gyara murya. "Shi ne. Ku sake shi."

"Ka ji min mutane!" Mai Gwangwan yana gyara riga. "Wai da me aka ɗauke muku sabon?"

"Da tsohon baro," in ji Baba Sawu.

Mutumin ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Wannan baron? To ku nemi ɓarawonku a cikin kwata, yana can kwance da injin a kansa! Ranar yashe magudana aka ba ni shi in kai yashi, sau uku yana kai ni hagu kamar jakin da ya hango gida. Ƙarfen da tayar ke juyawa a kai ya lanƙwashe tun zamanin da. Ko kyauta aka ba ni, sai dai in auna shi a sikeli."

Mutane suka yi dariya. Baba Sawu bai yi ba. Tsigar jikinsa ce ta tashi, domin layin nan biyu ne suka dawo masa a ido, miƙaƙƙu kamar an ja igiya.

*

Ya koma sito da sauri irin wanda gwiwoyinsa suka manta. Shi bai taɓa tura baron ba, saboda ciwon baya. Ya kama hannayen, ya tura taku biyar, baron ya karkace ya kai wa kekunan guragu karo. Ya sake gwadawa, ya sake karkacewa. Wanda zai kai shi a miƙe, da inji a ciki, a kan laka, sai wanda hannunsa ya saba da halinsa shekara da shekaru.

A ofis, saman teburin Shugaba, akwai hoton bakwai ɗin farko tsaye bayan baron. Ya sha wucewa ta gabansa. Yau ya sauke shi ya kai bakin taga. A wuyan kowannensu akwai zare, a jikin zaren wani ɗan abu na sheƙi.

"Tela," ya kira, "zo ka ga. Mene ne wannan a wuyanku?"

Tela ya shigo yana hura hanci, amma da ya ga hoton sai fuskarsa ta saki. "Makullai ne mana. Ranar da muka sayi kwaɗon nan muka sa aka yanka bakwai, kowa da nasa, don kada wani ya ce shi ne babba."

"Kwaɗon da ke ƙofa yanzu?"

"Shi ne. Irin na da, ba ya mutuwa." Sai ya tsaya, ya dubi Baba Sawu. "Kai, ai waɗannan sun ɓace tuntuni. Nawa ban san inda yake ba. Huɗu daga cikinmu sun riga mu gidan gaskiya, da makullin ɗayansu Dogo ke aiki. Saura ni da Yaya Nas."

"Huɗu da biyu shida."

Tela ya kau da kai. "Na bakwai ba ma ƙirga shi."

Baba Sawu ya yi shiru, irin shirun da ke sa mutum ya ci gaba.

"Kafinta ne, wannan na gefena. Tare muka tashi, kwano ɗaya. Shekara goma ke nan ya miƙe a gaban taro ya ce Yaya Nas danginta take rabawa kekunan guragu. Ƙarya ce tsagwaronta, aka buɗe littafi aka nuna masa. Aka ce ya ba ta haƙuri, ya ce sai dai a mutu. Matar nan ta yi kuka a gaban yaran da ta karɓi haihuwarsu. Ni na tashi na ce daga yau ƙafar ƙungiya da kayan ƙungiya ba za su sake shiga ƙofarsa ba sai ya zo ya durƙusa. Kowa ya ɗaga hannu, aka rubuta." Muryarsa ta yi rawa kaɗan. "Tun ranar ban sake bi ta layinsa ba."

"Ina gidansa?"

"Gangare, bayan masu walda. Don me?"

Baba Sawu ya mayar da hoton ƙusarsa, yana kallon Tela ta gefen ido. Mai wannan ihu tun safe, ko dai yana rufe wani abu ne?

*

Ya fita ta ƙofar baya shi kaɗai. Kwalta ba ta riƙe sawu, amma ruwa yana da nasa. A gangare duk kwatoci sun kwanta, ruwan jiya ya tsaya cik, sai guda ɗaya da ke gudu da sabon ruwa mai ja. Ya bi ta yana haurawa, ya wuce janareton masu walda da ke ruri kamar zai tsage kunne. Bayan shagunan ya ga bakin tiyo ya leƙo ta wata kafa a gindin bango, yana aman ruwa. A jikin tiyon ga shuɗin fentin da Dogo ke shafa wa duk kayan sito.

Ya yi sallama ya tura ƙofa.

Tsakar gidan ta zama tafki. Injin na kan bulo huɗu yana ta aiki, ƙarar janareton maƙwabta ta haɗiye tasa. Bangon ɗakin kwana ya jiƙe har ƙugu, ya tsage daga sama, an tokare shi da katako biyu. A kan teburin aiki wani tsoho na zaune ya naɗe ƙafa, hannunsa na dama kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba.

"Kai ne mai bin sawun nasu," in ji Kafinta, bakinsa a ɗan karkace. "To ga shi, ka samu. Ni na sata. Har yanzu makullina na nan."

"Miƙo min hannu mu gaisa."

Kafinta ya miƙo na hagu.

"Tun yaushe?"

"Wata takwas. Ɓarin jikin ya shanye. Ba wanda ya sani, don ba wanda ya tambaya."

"Da hannu ɗaya ba a tura baro. Wa ya kawo?"

"Farkawa na yi na gan shi."

"Akwai mutum can zaune a benci tun safe, za a kai shi wurin 'yan sanda saboda injin nan."

Kafinta ya runtse ido. Ya daɗe. "Ban san da wannan ba. Amma na yi alkawari, kuma sau ɗaya bakina ya taɓa cutar da mutum, ya isa. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka ɗauke shi yanzu. An ce min zuwa la'asar ruwan zai sauka ƙasa da gindin bango."

Baba Sawu ya dubi tsagar bangon, ya dubi sama inda hadari ke ƙara duhu. Ya fita bai taɓa injin ba.

*

Ana saura kaɗan la'asar harabar ta cika maƙil, har kan katanga. Baba Sawu ya sa aka baza yashi mai danshi daga ƙofar sito zuwa bakin kwata, aka share shi sumul. Aka fito da baron, aka ɗora masa buhun yashi biyu.

"Na san inda injin yake," ya ce. Wurin ya kaure, sai da Shugaba ya buga benci. "Lafiyarsa ƙalau. Saura wanda ya kai shi. Duk wanda na kira zai tura baron nan zuwa bakin kwata. Ina so in ga tafiyarsa."

Kowa ya ɗauka sawun ƙafa zai duba. Bai gyara musu ba.

Dogo ya fara. Ya ciji leɓe ya tura, baron ya yi hagu, ya fizgo shi dama, ya sake yin hagu, sawun ya fito kamar maciji ya wuce. Aka share yashi. Shugaba ya karɓa, ya kusa taka ƙafar wata mata. Mai Gwangwan ya ce shi kam an riga an ga nasa, aka matsa masa, ya yi rabin hanya ya saki yana zagin baron. Dariya ta fara cin mutane.

"Tela," in ji Baba Sawu, zuciyarsa na dukan uku uku.

"Ni? Ni ake zargi?" Tela ya naɗe hannun riga. "To ku matsa, yara, ku ga yadda muka yi a shekarar ruwa!"

Ya kama, ya ɗaga, ya zabura. Taku uku baron ya kwashe shi ya yi hagu da shi gadan-gadan, Tela na bin sa yana ihu a tare, mutane na watsewa. Tayar ta daki bakin kwata, buhu ɗaya ya faɗa ciki, hannun baron ya yi wata ƙara kamar zai ɓalle. Tela ya zauna daɓas a laka.

"Za ka karya shi!" Inna Nas ta taso daga kujerarta. "Kai dama yaushe ka taɓa tura shi? Shekara talatin da biyu kana gaba da lasifika, mu muna baya da taɓo! Tashi ka ba ni wuri!"

Ana ta shewa. Ita kuwa ko kallon kowa ba ta yi ba. Ta jawo baron baya, ta juya shi, ta sauke hannun dama ƙasa kaɗan, ta tokare na hagu da ƙugunta, ta tura shi ta tsakiyar yashin har ƙofar sito. Ta ajiye, ta kaɗe hannu.

Sai ta ga Baba Sawu ba ita yake kallo ba. Ƙasa yake kallo. Ta waiwaya. Tsakanin karkatattun sawun Tela ga nata, layi ɗaya, kamar an ja igiya.

Baba Sawu bai yi tsammanin haka ba, Tela ya sa wa ido. Amma yanzu kalmar la'asar ta dawo masa, daga bakin mutum biyu da suka shekara goma ba sa gaisawa. Ya taka a hankali zuwa bayan sito, taro na biye, ya ɗaga kwanon rufin.

"Wannan na asuba ne," ya ce. "Ku gwada da na yanzu. Duk kun ga yadda baron nan ke yi da wanda bai san shi ba."

Shiru ya sauka, har ana jin ɗigar ruwa daga indararo.

Inna Nas ta sa hannu a wuyan rigarta, ta zaro zare da tsohon makulli.

"Ni ce. Yana gidan Kafinta."

"Gidan wa?" Tela ya miƙe, laka na zuba daga wandonsa. "Yaya! Saboda ke fa muka yi rantsuwar nan! Saboda ke na bar abokina shekara goma!"

"Shi ya sa ban iya gaya maka ba." Muryarta ba ta yi rawa ba. "Jiya da yamma wata da na taɓa karɓar haihuwarta ta ce min ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance shi kaɗai. Na je na leƙa, na ga bango na shirin rufe shi. Da na kawo maganar taro, da yanzu kuna nan kuna buɗe littafi kuna ɗaga hannu, shi kuwa ana tono shi. Na ce in kai, in dawo da shi kafin a buɗe sito. Ruwan ya fi ƙarfin lissafina. Da na faɗa da safe kuma, da kun je kun ɗauko shi."

Ta juya wajen benci. Nan ne muryar ta karye.

"Ɗana, kai na cuta. Na ga ana nuna ka da yatsa, na ji abin da aka ce maka, na yi shiru ina ƙirga awoyi. Da la'asar ta yi ba zan bari a taɓa ka ba, amma wunin nan da ka yi ba zan iya mayar maka da shi ba. Ni na ce a ba ka amana, ni kuma na jingina laifina a jikinka. Ka yafe min."

Dogo ya tashi. Ya fi ta tsawo nesa, sai da ya sunkuyar da kai. Idonsa ya yi ja. Shugaba ya matso da sauri ya rataya masa makullinsa a wuya, yana ta ba da haƙuri, Dogo bai ko dube shi ba. Ya shiga sito, ya fito da littafin aron kaya da biro, ya buɗe a kan benci.

"Duk abin da ya fita daga siton nan sai an rubuta," ya ce. "Inji ɗaya, tiyo ɗaya, galan ɗaya. Wanda ya ɗauka. Gidan da aka kai. Sa hannu a nan, Inna."

Ta karɓi biro ta rubuta, kowa na gani, sunan Kafinta ya shiga littafin ƙungiya karo na farko a shekara goma. Ta miƙa masa tsohon makullin. Ya juya shi a tafin hannu, sannan ya mayar mata.

"Riƙe abinki. Amma Inna, ƙofata taku nawa ce daga nan? Da kin ƙwanƙwasa, wallahi ni zan tura miki."

Ta share ido da gefen mayafi. "Kai? Da ka juye min inji a kwata."

Dariyar da ta tashi har kan katanga, da Dogo a ciki. Ana cikin haka aka yi tsawa, ɗigon farko ya faɗo a kan littafin, Dogo ya rufe shi da sauri.

"Bangon nan ba zai ɗauki wani ruwan ba," in ji Baba Sawu. "Katako biyu ne kawai ke riƙe da shi. Daga can kuma gida goma sha ɗaya na jira."

Duk ido ya koma kan Tela. Ya tsaya yana huci, ya dubi Dogo.

"Abin da na faɗa da safe, bakina ne ya yi wari. Ka yi haƙuri." Ya fizgi shebur daga ƙusa. "Kuma kowa ya sani, ni ba don wancan mai taurin kan zan je ba. Injinmu zan je dubawa."

"To ɗauki lasifikarka," in ji Inna Nas, "shebur ɗin nan zai yi maka nauyi."

Aka buɗe sito gaba ɗaya, buhuna da katako da rigunan ruwa suka yi ta fita, Dogo na tsaye a ƙofa yana rubutawa da sauri. Da ya gama ya datse kwaɗo, ya kama hannayen baron. Inna Nas na gefensa tana faɗa, sauke dama, tokare da ƙugu, ba haka ba, kai wai ba ka ji ne?

Baba Sawu ya tsaya a baya, kamar yadda ya saba, yana kallon ƙasa. Sawun ya fita daga ƙofar sito a karkace, ya yi hagu, ya yi dama. Wajen ƙofar baya, kafin a hau kwalta, ya fara miƙewa.